Kifin falon Alhaji da ƙaryar da muke yi masa

Na wannan makon zai ɗan yi zafi, a yi haƙuri.

Akwai akwatin gilashin nan na kifi da ya zama dole a littattafanmu na intanet. Da zarar jaruma ta shiga falon Alhaji a Maitama, sai ga shi ya cinye bango guda: duwatsu masu kala-kala a ƙasa, korayen tsirrai na rausaya, kifaye na wasa, 'yar aiki tana juye komai duk Asabar tana wankewa da omo. Wai tsabta. To wannan akwatin, da a zahiri ne, kifin ba zai kai sati biyu ba, tsirran kuma tuni sun ruɓe. Mun kwafo hoto daga fim, ba mu taɓa tambayar me ke ƙasan ruwan ba.

Abin haushin, amsar tana bayan gidanmu. Yaron Durun da ya taɓa bin masunta zuwa dam ɗin Guzuguzu ko na Magaga ya san bambancin kainuwa da bado. Kainuwa tana yawo a sama, daga ruwa take ci. Bado kuwa saiwarsa a laka take, ka raba shi da laka ka kashe shi. Yawancin tsirran da ake dasawa a akwatin kifi 'yan uwan bado ne. Dutsen ado mai fenti ba shi da abin da zai ba su.

Masu wannan sana'a shimfiɗa biyu suke yi. A ƙasa, ƙasa mai ɗan yumɓu, kaurin santimita 2 zuwa 3. A samanta yashin rafi mai ɗan gari-gari, wankakke, kusan kauri ɗaya, don ya danne ta kada ruwa ya gurɓace. Wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta fitar da littafi a 1999 a kan wannan hanya, ta ƙasar lambu kawai. Takashi Amano na Japan, wanda ya rasu a 2015, kamfaninsa ADA ƙasa yake ƙullawa a leda yana sayar wa duniya da tsada. Kafin shi, kamfanin Dupla na Jamus jar ƙasa mai sinadarin ƙarfe ya riƙa sayarwa, dangin marmarar da ake zuba wa hanyoyin ƙauyukanmu. Mu muna taka ta da babur, su suna auna ta da cokali.

Ba kowace ƙasa ba, amma. Ta gonar da aka yi wa feshin ciyawa guba ce. Wadda ta sha kashin kaji za ta cika ruwan da ammoniya, kifi ya shaƙe. Tsakuwar da ka ɗiga wa ruwan tsami ta yi kumfa, farar ƙasa ce a cikinta, za ta sauya ruwan. Idan shimfiɗar ta yi zurfi da rairayi mai laushi, iska ba ta ratsa ta, ranar da aka tona sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Ga abin rubutu nan: wari a falon miliyoyi, amarya tana zargin uwargida.

Batun omo kuwa, a jikin yashin nan ƙwayoyin halitta suke zama, masu mayar da ammoniyar kashin kifi abincin tsiro. Sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Wanki ɗaya da omo, ko da ruwan famfo mai kilorin, ya share su. Abin da ake yi shi ne a zuƙe dattin sama da siririn tiyo, a canja wani kaso na ruwan, a bar ƙasa ta huta. Kuma don Allah a daina saka tarwaɗa da ƙarfasa a cikin lambun gilashi. Ɗaya tono take, ɗaya ta tona kuma ta cinye ganyen. Duk mai kwamin kifi a Gwarzo zai faɗa maka haka kyauta.

Na san amsar da ke tafe a ƙasan wannan rubutu: ai labari ne, soyayya mai karatu ya zo nema. Ban yarda ba. Mu ne muke bata layi goma a kan sunan turaren jarumi da lambar motarsa, ba ma kuskure ko harafi, domin wannan mun bincika. Laka ce muka raina, da masu aikinta. Masunci a wurinmu sai dai ya fito a matsayin talakan uban yarinya, ba ya taɓa sanin wani abu da Alhaji bai sani ba. Kuma akwai masu karatun da ke ɗaukar abin da muka rubuta su gwada, su kashe kuɗi a kan gilashi da kifi, su yi wankin Asabar ɗin nan yadda muka koya musu.

Aikin wannan mako: kalma 300, jarumarku tana shimfiɗa ƙasan akwatin da hannunta, ku faɗa mana inda ta ɗebo yashin da wanda ya nuna mata. A ajiye a nan ƙasa kafin Juma'a. Wanda ya sa omo, admin zai goge.