Lissafin Gida: Wa Ya Ƙirga Mutanen Kambo?

A wannan wata za mu taɓa wata magana da masana tattalin arziki suka daɗe suna yi a kanmu, galibi ba da saninmu ba, wato binciken abin da ke shiga gidan mutum da abin da ke fita, da kuma ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi.

A shekarar 2009 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta aika ma'aikatanta cikin jihohi 15 na arewacin Sudan, suna shiga gidaje suna tambayar abin da iyali ke ci da abin da suke kashewa. Aka tsayar da cewa duk wanda abin da yake kashewa a wata bai kai fam 114 ba, to matalauci ne. Da aka gama lissafi, sai aka sami kashi 46.5 cikin ɗari na jama'a suna cikin talauci. A Hartum kashi 26 ne, a Jazira kashi 37.8, a Nil Azrak kuwa kashi 56.5.

Mai karatu zai ce ashe Jazira da sauƙi-sauƙi. To, amma a lura, adadin jiha guda ne, yana haɗa kowa da kowa a tukunya ɗaya. Idan Audu ya ci malmala biyu, Tanko ya kwana da yunwa, lissafi zai ce kowa ya ci ɗaya. Haka adadin Jazira ya haɗa mai hawasha da mazaunin kambo, alhali kuwa tsakaninsu akwai tafiya.

Asalin wannan rata ba ɓoyayye ba ne. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka yanka ƙasar Jazira hawasha-hawasha, aka rubuta sunan kowane manomi a littafi, ana raba kuɗin auduga tsakanin gwamnati da kamfanin Turawa da manomi. Amma auduga ba ta tsince kanta. Kakanninmu da suka fito da niyyar Makka, tare da mutanen Darfur da na Cadi, su ne suka yi nome da tsinta, suka kafa bukkoki a bakin magudanan ruwa, a kan ƙasar da ba tasu ba. Wasu sun sami hawasha, amma mafi yawa ba su samu ba. Kamfani ya tafi a 1950, aka sauya tsarin rabon kuɗi a 1981, aka yi sabuwar dokar Jazira a 2005. Duk waɗannan sauye-sauye maganar mai hawasha suke yi, ɗan ƙodago kuwa yana nan inda aka bar kakansa.

Masu bincike sun ga wannan tun tuni. Tony Barnett, a littafinsa na 1977, ya nuna cewa shi kansa mai hawasha bashi ya yi masa kanta. Mark Duffield ya zauna a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya fitar da littafi a 1981 kan yadda harkar kuɗi ta raba gari ɗaya gida biyu, masu ɗaukar ma'aikata da waɗanda ake ɗauka. Ke nan ratar tana cikinmu ma, ba tsakaninmu da maƙwabta kaɗai ba. Bawa Yamba kuma a 1995 ya rubuta yadda jikokin alhazai suke ɗaukar kansu matafiya har yanzu. Wanda kuwa ya ɗauki kansa baƙo, ba ya neman takardar fili.

Akwai kuma abin da takardar tambaya ba ta cika kamawa ba. A gidajenmu da yawa kuɗin ƙosai da soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, waɗanda mata ke yi a cikin gida, su ke riƙe tukunya kafin kaka. Mai bincike zai tarar an ci abinci, ya rubuta cewa gidan ya tsira. Ba zai rubuta cewa yarinyar da ta kai tallan ba ta je makaranta ba. Mu malaman makaranta mun san yadda aji ke raguwa idan lokacin tsintar auduga ya zo. Haka nan ba a auna jin daɗin gida da kuɗi kaɗai, idan ruwan shansa daga magudana ne, tsargiya da zazzaɓin sauro ba su rabuwa da yara, asibiti kuma sai an yi tafiya.

Me ya sa muka tada maganar yanzu? Domin rikicin Nil Azrak na Yulin 2022, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara, da harin da aka kai Kambo Tayba a Janairun 2025, sun share duk tsohon lissafi. Ranar da aka zo gyaran ƙasa, da adadi za a raba makarantu da rijiyoyi da iri. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Saboda haka muna kira ga dattawa da shugabannin unguwa: kowane ƙauye da kowane kambo ya buɗe littafinsa, a rubuta gidaje da yara da gonakin da aka rasa. Kowane magidanci ya nema wa iyalinsa lambar ɗan ƙasa. Idan masu ƙidaya suka zo, a faɗi gaskiya, a bar mata su faɗi nasu, kada tsoron haraji ya sa mu ɓoye kanmu. 'Ya'yanmu da suka yi karatu kuma su nemi shiga aikin, domin ɗan gari shi ya san inda hanyar mota ta ƙare.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.