Baƙo a Ƙasarsa

A Janairun 2014 wasu masu shago a Lajpat Nagar, cikin Delhi, suka yi wa Nido Tania, ɗalibi daga jihar Arunachal Pradesh, ba'a kan gashinsa. Cacar baki ta koma duka, kashegari ya rasu. Ba'indiye ne fa, amma ƙirar ido ta sa ana yi wa irinsu kallon 'yan Sin, har lokacin annobar korona aka riƙa kiransu da sunan cutar a titi. Sashe na 19 na tsarin mulkin Indiya ya ba ɗan ƙasa damar zama inda ya so. Ni kuwa ban wanke mai gidan hayar da ke ƙare wa 'yar jihar Manipur mai irin wannan ƙirar ido kallo sannan ya ce babu ɗaki ba.