Mas'alar kiwo bisa tsauni da ladan da ake biyan makiyayi

Wani almajirina da ya yi boko ya karanta mini labarin Suwizalan, ƙasar tsaunuka a Turai, cewa hukumarsu tana biyan makiyayi kuɗi don ya hau da shanunsa bisa tsauni. Waɗanda ke zaune suka yi dariya, suka ce kuɗi ne ya yi musu yawa. Ni ban ga wauta a ciki ba, ga kuwa hujjata.

Ku sani, kusan sulusin ƙasar da suke mora wajen noma da kiwo makiyayar tsauni ce, wadda dusar ƙanƙara ke rufewa lokacin sanyi, ba a hawanta sai kamar kwana 100 a shekara. Ciyawar nan bakin dabba ne ya tsare ta. In aka daina kiwo, ƙananan itatuwa su mamaye wurin, furanni da ƙwarin da ke rayuwa cikin ciyawa su ɓace. Wadda ba a ci ba kuwa sai ta yi tsawo ta kwanta, ƙanƙara ta zame a kanta ta gangaro. To, da hawan ya zama wahala ba riba, mutane suka fara barinsa. A 1996 jama'ar ƙasar suka jefa ƙuri'a, suka sa cikin tsarin mulkinsu cewa a biya manomi ladan kula da ƙasa. Ashe ijara ce, ba sadaka ba.

Amma abin da ya fi kama hankalina shi ne ƙa'idar. Kowace makiyaya an yanka mata adadin da za ta ɗauka, ma'auninsa saniya guda kwana 100, kuma a 2014 aka sa faranka 400 a kan kowane ma'auni na shanu. Wanda ya wuce adadin da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, a zabge masa rubu'in kuɗin. Wanda ya zarce haka, ba shi da ko anini. Wanda ya kawo kaɗan ƙwarai, gwargwadon abin da ya kawo za a ba shi. Ba kuwa jiya suka fara ba. Wani ƙauyensu mai suna Torbel ya rubuta tun 1517 cewa kada mutum ya kai shanu tsauni fiye da waɗanda zai iya ciyarwa lokacin sanyi.

Malamai sun san hima. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya a Rabaza, ya umarci mai tsaronta ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garkunan mawadata. Nan ne nake ganin ƙa'idar Suwizalan ta gaza, domin kawuna take ƙirgawa, ba ta tambayar na wane ne.

Mu ma muna da irin wannan ƙasa, wato tsaunin Mambila wajen Gembu, sai dai cutarmu akasin tasu ce: shanu sun yi wa ciyawa yawa, ruwa yana zaizaye gangare. Masu cewa a kori shanu daga can gaba ɗaya ba su tsaya sun duba ba. Yanka adadi shi ne magani, amma ba ya yiwuwa sai an ƙirga, makiyayinmu kuwa bai manta jangali ba, lokacin da ake ƙirga shanunsa don a karɓe masa kuɗi, har ya koyi ɓoye su a kwazazzabai. Ba zai fito da su ba sai ranar da ya ga ƙirgan nan shi zai kawo wa kuɗi. Don haka nake kira ga hukuma ta fara sa ladan, sa'an nan ta aiko mai ƙirga.

Wassalam.