Cinyar Rago Da Masu Tambayar "Ina Darasin?"

Wai ni kam, yaushe za mu huta da tambayar nan ta "ina darasin?" Da zarar fim ya ƙare ba a ga ɗan sanda ya tasa ƙeyar mugu ba, ko mugun bai haukace ya shiga bola ba, ko bai kwanta a gadon asibiti yana kuka yana neman gafara ba, sai ka ji wani ya yi tsaki ya ce, "To ina darasin? Ai wannan koyar da ɓarna ne kawai." Tambayar ta zama bulala a hannun 'yan kallo, marubuta kuma sun ji zafinta har sun koyi kaucewa tun kafin a ɗaga. Akwai wani gajeren fim da bai kai rabin awa ba wanda a ganina ya isa ya tona asirin masu wannan tambaya.

Sunansa Lamb to the Slaughter. Alfred Hitchcock ne ya ba da umarni, aka nuna shi a talabijin ɗin CBS ta Amurka a watan Afrilun 1958, cikin jerin gajerun finafinan da ake kira Alfred Hitchcock Presents. Labarin na Roald Dahl ne, marubucin Birtaniya, wanda ya fara buga shi a 1953. Barbara Bel Geddes ce ta fito a matsayin Mary Maloney, mace mai juna biyu, mai ladabi da hidimar miji. Mijin ɗan sanda ne. Ya dawo daga aiki ya ce mata zama ya ƙare, rabuwa zai yi da ita. Ita kuwa tana riƙe da cinyar rago da ta ɗauko daga firiza za ta yi girkin dare, ta daskare kamar guduma. Ya juya mata baya, ta kwaɗa masa a ƙeya. Shi ke nan, ya faɗi bai shura ba. Sai ta saka cinyar a obin, ta tafi kanti cefane don a shaide ta a waje, ta dawo ta kira 'yan sanda. Abokan aikin mijin suka cika gidan suna neman makamin da aka yi kisan da shi. Dare ya yi, yunwa ta kama su, uwargida ta roƙe su da su ci naman kada ya lalace. Suka zauna suka tashi da shi, suna ci suna tattauna inda makamin zai kasance. Ita kuma tana ɗaki na kusa tana dariya ƙasa-ƙasa. Nan labarin ya tsaya.

Yanzu bari mu koma kan 'yan kallo, don su ne abin magana. Na sha kallon fim ɗin nan tare da mutane, kuma abu ɗaya ne ke faruwa. Daga lokacin da 'yan sanda suka shigo gidan, hira takan mutu. Duk sanda wani jami'i ya doshi kicin sai ka ga an gyara zama. Idan aka zo wurin cin naman, wani ya dafe kai, wani ya fashe da dariya, wani ya ce, "Kai! Sun cinye shaidar!" To ka tambayi kanka, mai karatu: tsoron me suke ji? Ba tsoron kada mai kisa ta tsira ba ne. Tsoron kada a kama ta suke yi! Sai an kashe talabijin, jiki ya yi sanyi, sannan mutum ya tuna cewa minti ashirin ya yi yana goyon bayan wadda ta kashe mijinta. Kunya ta kama shi. Maimakon ya tsaya ya tuhumi zuciyarsa, sai ya juya ya tuhumi fim ɗin: ina darasin?

Malam, ai darasin kai ne. Fim ɗin ya nuna maka yadda tausayi ke saurin rufe wa mutum ido, yadda kyakkyawar fuska da hawaye ke sa ƙwararren jami'i ya kasa zargin wadda ke gabansa. Abin da ya sami 'yan sandan nan shi ne ya same ka a kan kujerarka. Wane wa'azin ƙarshen fim ne zai shige ka kamar haka?

Kuma ba tsautsayi ba ne, sana'a ce. Hitchcock ya sha bayyana bambancin da ke tsakanin a razana ɗan kallo da a rataye masa zuciya, har da a hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut wadda aka buga a 1966. Misalinsa shi ne bam a ƙarƙashin tebur: idan ya tashi ba zato, firgitar 'yan daƙiƙoƙi ce, idan kuwa an nuna maka shi tun farko alhali masu hira a teburin ba su sani ba, to duk maganar da suka yi sai ta zame maka fargaba. Cinyar ragon nan ita ce bam ɗin. Kai da Mary kaɗai kuka san abin da ke cikin obin, kuma wanda kuka haɗa sirri da shi da wuya ka so a kama shi. Ya maimaita dabarar a Psycho a 1960, inda motar da ake son ɓoye gawa a ciki ta tsaya cak a tsakiyar fadama ta ƙi nutsewa, ɗan kallo ya sami kansa yana fatan ta nutse.

Abin dariyar shi ne su ma Amurkawa suna da nasu masu "ina darasin?" Ƙa'idojin da gidajen talabijin ɗinsu suka ɗora wa kansu tun 1952 ba su yarda a nuna laifi a matsayin abin sha'awa ba, kamfanonin da ke biyan kuɗin talla kuma ba sa son rigima. Saboda haka bayan fim ya ƙare sai Hitchcock ya fito da kansa, fuskar nan a murtuke, ya shaida wa jama'a cewa ai daga baya asirin Mary ya tonu: wai ta gwada wa mijinta na biyu irin wannan, amma shi mai mantuwa ne bai jona firiza da wuta ba, naman ya yi laushi. Duk mai hankali ya san ba'a yake yi. Ya ba masu neman hukunci abin da suka nema, cikin sigar da ta nuna rashin amfaninsa. Yau shekara sittin da ɗoriya, mutane na tuna 'yan sanda suna cin nama. 'Yan kaɗan ne ke tuna da mijin na biyu.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, mu ba haka muke ba. Haba! Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo? Gizo maƙaryaci ne, macuci, mai haɗama, amma wane yaro ne ya taɓa goyon bayan kura a kansa? Wani lokaci asirinsa ya tonu, wani lokaci ya sha da ƙafar baya, kuma kakanninmu ba su ga cewa sai an kai shi gaban alƙali kafin a ce ƙurunƙus ba. Sun yarda yaro na iya jin daɗin wayon Gizo ba tare da ya zama Gizo ba. Mu ne yanzu, da gemunmu, muka kasa yarda da kanmu.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba zan yi wa dariya ba. Jaridunmu sun sha buga labarin matan da suka hallaka mazajensu, saboda haka wanda ya ce irin wannan labari na sosa masa rai yana da hujja, kuma ni ma ban ce fim ne na yara ba. Amma a ce yana koyar da kisa? Wace mace ce take jiran Hitchcock ya sanar da ita cewa abu mai nauyi na fasa kai? Kuma in hukuncin ƙarshen fim na hana laifi, ai da tuni mun huta, don shekara da shekaru mugayen finafinanmu ke ta haukacewa da yin hatsarin mota a minti biyar na ƙarshe.

Ɓarnar da wannan tambaya ta yi wa finafinan Hausa ita ce ta kashe fargaba. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da nata almakashin, amma wanda ya fi kaifi yana hannun ɗan kallo. Tunda kowa ya san dole mugu ya tozarta, babu sauran abin jira sai ta wace hanya da kuma yaushe. Furodusa kuma, da ya rasa fargabar da zai riƙe ka da ita, sai ya riƙe ka da tsawo: jiya kashi na ɗaya da na biyu da na uku a kaset, yau zango bayan zango a YouTube. Hitchcock kuwa gida ɗaya ya ishe shi, da 'yan wasa ƙalilan, da cinyar rago, da minti ashirin da 'yan kai. Babu daraktan Kano ko Kaduna ko Jos da zai ce kuɗin wannan ya fi ƙarfinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya iya kashe kyamara a lokacin da Mary ke dariya.