Sanyin Turai da Birkin Motoci Masu Batir

Tun da kamfanin Toyota ya fitar da motar Prius a ƙasar Japan cikin 1997, motoci masu haɗa injin fetur da na lantarki suka yaɗu a duniya, har ga su nan ana sauke su a tashoshin Apapa da Tin Can a Ikko. Direbobi da dillalai 'yan Arewa mazauna Kudu suna cinikinsu, saboda haka ya kamata su san halin birkinsu.

In direba ya taka birki, injin lantarkin nan yakan koma janareta, ya tsai da motar, ya kuma mai da ƙarfin gudunta wuta ya zuba cikin batir. Da haka take rage shan mai. To, amma a ƙasashe irin su Kanada da arewacin Amurka, in hunturu ya kama, batir ba ya iya karɓar wuta da sauri. Irin na lithiyam ma, in an cika shi da ƙarfi alhali sanyi ya kai na daskarar ruwa, watau ƙasa da digiri 0, lalacewa yake yi. Don haka sai kwamfutar motar ta rage wannan birki, ta bar wa birkin taya aikin, shan mai kuwa ya ƙaru.

Sanyin Nijeriya bai kai nan ba. Amma motar da ta shekara cikin ƙanƙara takan zo da tabonta. Can ana watsa gishiri a hanya don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa tsatsa yake sa wa birkin taya, musamman da yake a irin waɗannan motoci ba ya samun aiki sosai. Tilas mai saye ya sa makanike ya kwance taya ya duba kafin ya biya kuɗi.

Har ila yau, abin da sanyi ke yi can, doguwar gangara tana yi nan. In mota tana saukowa Hawan Kibo daga Jos, batir yakan cika, ya daina karɓar wuta, nauyi duka ya koma kan birkin taya har ya ɗau zafi. Direban Prius sai ya sa giyar B, don inji ya taimaka wajen riƙe motar.

Dillali kuma ya faɗa wa mai saye gaskiya. Araha ba ta ado, ran fasinja kuwa amana ne a hannun direba.