Wa Zai Tausaya Wa Uban Amarya?

Duk lokacin da aka tashi maganar tsadar aure, lefe ake fara kamawa. Samari su yi kuka, malamai su yi wa'azi a kan akwatuna, wasu unguwannin har ƙa'ida suke kafawa. Kukan nasu yana kan hanya. Sai dai akwai mutumin da ba a jin nasa kukan, domin kunya ta hana shi buɗe baki: uban amarya.

A layinmu akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ya aurar da 'yarsa ta uku bara. Sadakin da aka karɓa bai kai kuɗin kujeru ba. Da na je yi masa Allah ya sanya alheri, na tarar da shi a zaure da wata 'yar takarda, yana lissafin abin da kafinta ke binsa. Na ce, "Baba, ai da an yi daidai ƙarfi." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce, "Ɗana, ni na yarda da kai. Amma uwarta ta ce 'yan ganin ɗaki za su zo." Gonar da ya gada ce ta tafi a kan gado da kabat da labule.

'Yan ganin ɗaki kuwa mun san aikinsu. Washegarin kai amarya za su shigo da guɗa, wannan ta shafa katifa, waccan ta buɗe kicin ta ƙirga tukwane. Kafin la'asar labari ya kai dangin miji kaf: "an yi mata" ko "ba a yi mata ba". Yarinyar da aka ce ba a yi mata ba za ta yi shekaru tana shan gori, wani lokacin daga bakin mijin da kansa.

Bayan jere sai gara. Buhunan shinkafa, jarkokin mai, katan-katan na taliya, ga alkaki da dubulan da nakiya. Asalin gara kyautatawa ce, don amarya ta sami abin rabawa dangin miji, ta kuma kama girki cikin rufin asiri. Yau ta zama haraji, har ana samun angon da ke tura saƙo a ji yaushe za a kawo.

Kakanninmu ma sun yi al'adu, kuma masu yawa: kamu, sa lalle, wuni, sayen baki, buɗar kai. Amma lefensu ɗan kwando ne na kaba, daga shi kalmar ta samo asali. Jerensu ƙwarya ce da tasa, daga baya kwalla da langa, kuma uwa tana tara su ne sannu a hankali tun yarinya tana ƙarama. Ƙawaye su kawo biki, ita ma ta rama ranar nasu. Nauyin a rarrabe yake. Mu muka tattara shi muka aza wa mutum ɗaya, muka kuma ƙara masa dina da hayar zauren taro.

Idan aka koma ga shari'a, abin da ke ƙulla aure sananne ne: waliyyi, shaidu, sadaki da siga. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan miji. Abin da malaman mazhabar suka nema daga mace shi ne ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa. To ina aka samo cewa mai sadakin dubu ɗari ya shiga ɗakin miliyoyi, sannan ya ci abincin surukinsa wata shida?

Ku dubi auren gata na jihar Kano, wanda Hukumar Hisba ta fara a 2012. A 2023 an ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure a lokaci guda, kuma cikin abin da gwamnati ta ɗauka har da gado da katifa da kayan abinci. Wato ita ma ta gane cewa 'yan mata da zawarawa da yawa suna da manema, rashin kayan ɗaki ne ya zaunar da su a gida.

Gyaran yana hannun dangin ango, domin su ake jin tsoro. Uban amarya ba zai iya cewa ba zai yi gara ba, sai a ce rowa ce. Amma idan waliyyin ango ya faɗa tun ranar sa rana, a gaban kowa, cewa sun yafe gara kuma ɗansu zai sa gado da kujeru, wannan karamci za a kira shi. Ke kuma uwar ango, idan kin je ganin ɗaki, ki sa albarka ki fito ba tare da kin buɗe kabat ba. Ki tuna akwai 'yan mata a ɗakinki, kuma wata rana mijinki ne zai zauna a zaure da takardar kafinta.