Yaran Da Ake Mantawa Da Su In Sankara Ta Shiga Gida

Daga Wakilinmu

Ranar 15 ga watan Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe domin tunawa da yara masu ciwon sankara. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, yara da matasa wajen 400,000 ne ke kamuwa da wannan ciwo kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa waɗanda ke warkewa ba su kai kashi 30 ba. Saboda haka ne a 2018 Hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu warkewa zuwa kashi 60 nan da 2030.

Amma akwai waɗansu yara da ba su shiga wannan lissafi, watau yayye da ƙannen maras lafiya, waɗanda ake bari a gida.

Duk wanda ya san ɗakunan yara a manyan asibitocin koyarwa na Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri, ya san yadda abin yake. Uwa ce ke zaman jinya, uba kuwa yana can yana fafutukar kuɗin magani. Maganin sankarar jini kan ɗauki shekara 2 zuwa 3. A cikin wannan lokaci sai a rarraba sauran yaran, wannan wurin kaka, wancan wurin goggo. Babbar 'ya mace kan bar makaranta ta koma girki da reno. Ba safai ake gaya musu abin da ke faruwa ba, don haka sai su cike gurbin da zato: wani ya ɗauka sammu ne, wani ya ji tsoron ɗauka, alhali kuwa sankara ba a ɗaukarta.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Tun 1999 ƙungiyar likitocin sankarar yara ta duniya ta fito da ƙa'idojin taimakon 'yan'uwan maras lafiya. A 2015 kuma masana a Amurka suka tsara ƙa'idoji 15 na kula da halin yaro da iyalinsa, ɗaya daga ciki a kan 'yan'uwa take.

Kada a ɗauka wannan batu na masu hali ne kawai. Barin magani tun ba a gama ba yana cikin manyan dalilan mutuwar yara masu sankara a ƙasashe irin namu. Uwar da hankalinta ya rabu tsakanin gadon asibiti da yara huɗu a ƙauye, ita ce wadda za ta naɗe tabarmarta ta tafi da zarar kumburi ya ɗan saɓe. Har ila yau akwai dalili na likitanci. Sankarar ido ta ƙananan yara, wadda ke fara bayyana da fari a tsakiyar ƙwayar ido, wani kashi nata gado ne. Lalle ne a duba idanun ƙannen yaron da ya kamu, domin in an gano ta da wuri ana iya ceton rai, wani lokaci har da ido.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin asibitocinmu ba. Ranar da aka kwantar da yaro, ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibiti ya rubuta yawan 'yan'uwansa, da shekarunsu, da wanda ke riƙe da su. A keɓe musu lokacin ziyara. Likita ko ma'aikaciyar jinya ta yi musu bayani da harshen da suke ji, daidai hankalinsu. A kuma aika wa shugaban makarantarsu takarda don malamai su san halin da ake ciki.

Ya rage ga Ma'aikatar Lafiya da hukumomin asibitoci su mai da wannan doka a rubuce. In ba haka ba, ana iya warkar da yaro ɗaya, a wayi gari yayarsa ta yi asarar karatunta.